Gangara Daga Kef Foyint Zuwa Tsinin Kyakkyawan Fata

Kudu da birnin Kef Tawun na Afirka ta Kudu akwai wani zirin ƙasa mai duwatsu da ya kutsa cikin Tekun Atlantika. A bakinsa akwai tsini biyu, Kef Foyint da Kef of Gud Hof, wato Tsinin Kyakkyawan Fata. Hanyar ƙafa ce ta haɗa su, tana gangarowa ta gefen dutse, tafiyar da ba ta kai sa'a guda ba ga mai ƙarfin gwiwa.

Tafiyar takan soma ne daga gindin tsohuwar hasumiyar fitila, wadda aka gina a 1859 don shiryar da jiragen ruwa da dare. Maginan sun ɗora ta bisa ƙololuwa, sama da mita 200 daga ruwa, bisa zaton tsawo shi ne amfani. Ashe gajimare da hazo sukan lulluɓe ta a daidai lokacin da matuƙa suka fi bukatarta. A watan Afrilun 1911 jirgin Fotugal mai suna Lusitaniya ya yi karo da wani dutse a ƙarƙashin ruwa ya nutse. Wannan ya sa aka gina sabuwa can ƙasa, mita 87 kacal daga ruwa, aka kunna ta a 1919. Tsohuwar kuwa yanzu sai dai masu yawon buɗe ido.

Da ka bar ta, hanya sai ta bi ta kan katakan da aka shimfiɗa a cikin gajerun itatuwa. A hagunka dutse ya yanke tsaye kamar bango, igiyar ruwa tana dukan gindinsa ba dare ba rana. Can ƙasa ga farin rairayin gaɓar Diyas, wadda ake sauka ta doguwar matakalar katako. Kyawun wurin ya sha ruɗin baƙi, alhali ruwansa yana da ja mai ƙarfi, ba a wanka a cikinsa. Iskar kudu maso gabas ma takan ture mutum, saboda haka kada a matsa baki don ɗaukar hoto. Rema na shan hantsi bisa duwatsu, jimina na kiwo kusa da gaɓa, gwaggon biri kuwa ya ƙware da fizge jakar abinci. Doka ta hana ba shi komi.

Sunan gaɓar ya samo asali daga Bartolomiyo Diyas, matuƙin Fotugal da ya kewaya nan a 1488. Basko da Gama ya biyo bayansa a 1497 ya isa Indiya, kuma nan ce ta zama babbar hanyar jiragen Turai zuwa gabas har aka buɗe mashigin Suwes a 1869. A ƙarshen 2023, da hare-hare suka tsananta a Bahar Maliya, manyan jiragen kaya da yawa suka koma wannan tsohuwar hanya.

A ƙarshen gangara akwai allon katako inda baƙi ke layin hoto. Mai karatu ya lura, nan ba shi ne ƙarshen Afirka ta wajen kudu ba. Wannan matsayi na Kef Agulas ne, kimanin kilomita 150 kudu maso gabas. Wanda ya bar motarsa a sama kuma ya rage ruwa a gora, domin komawa hawa ne.