Abin da tsohuwar katkat take faɗi

Tsohuwar mota ba ta mutuwa sai ta yi gargaɗi. Kafin ta tsaya cak a tsakiyar daji, takan yi kwanaki tana magana da ƙara, da hayaƙi, da wari, kuma wanda bai iya sauraro ba shi ke kwana kan hanya. Na fahimci haka ne daga katkat ɗin kawuna, Toyota Land Cruiser samfurin HJ60 na shekarun 1980, wadda nake ara idan zan je ɗaukar muryoyin dattawa a ƙauyukan arewacin Dakwaro. A can, tsakanin mutum da garaji akwai tafiyar sa'o'i cikin rairayi, don haka tilas mai bincike ya iya ɗan gyara da kansa.

Injinta mai silinda 6 ne, gazuwal yake sha, kuma babu kwamfutar da za ta nuna inda ciwo yake. Kunne da ido su ne kayan aiki na farko. Baƙin hayaƙi a lokacin hunturu yawanci ƙura ce ta toshe matatar iska. Da an cire ta an kakkaɓe, sai mota ta sake numfashi. Farin hayaƙi da wuyar tashi da asubar sanyi alama ce ta cewa bujin ɗumama inji sun gaji. Siririyar ƙara, ƙiiii, idan an taka totur, fambel ne ya saki. In allurar zafi ta hau, a tsaya a duba ko ciyawa ta toshe gaban lagireto, amma kada a taɓa murfinsa sai ya huce. Wanda ya fi tayar da hankali shi ne iska ta shiga bututun mai bayan gazuwal ya ƙare: ko an cika tanki ba za ta tashi ba. Sai an sassauta ɗan sukurun da ke kan matatar mai, an yi ta danna famfon hannu har mai ya fito babu kumfa, sannan a ɗaure.

A matsayina na ɗalibin ilimin harshe, yadda ake faɗar waɗannan abubuwa ya fi jan hankalina. Sunayen sassan mota kusan duk na aro ne, ta hanya biyu: buji, gazuwal da bidanji daga Faransanci, birki, fambel da lagireto daga Ingilishi, ta Kano da Katsina. Amma aikatau na Hausa ne tsantsa, kuma na jikin mai rai. Mota tana tashi, tana shan mai, tana tari, tana ɗaukar zafi, tana mutuwa. Idan aka zo bayyana ciwo kuwa, sai amsa-kama ya karɓi aiki: ƙwas-ƙwas daban, gurrr daban, kuma makanike ya san bambancinsu kamar yadda muka san na d da ɗ.

Wannan ba zancen aji kaɗai ba ne, kuɗi da lokaci suna ciki. A bakinmu, buji ya haɗa na motar isansi da na ɗumama injin gazuwal. Wanda ya fassara shi da fulogi ya aika Kano, na motar fetur za a kawo masa, domin hita ake kiran ɗayan a can. Kalma ɗaya tana iya ajiye mota mako guda.

Muna tafiya nesa neman kalmomin saƙa da ƙira kafin su ɓace, kuma hakan daidai ne. Sai dai garajojin Maraɗi, Damagaram da Tawa suna nan kusa da mu, cike da Hausar da ake ƙerawa kullum. Motoci masu kwamfuta suna ƙaruwa, kuma ranar da na'ura ta maye gurbin kunne, wannan ƙamus zai tafi tare da masu shi. Ya kamata waninmu ya ɗauki rakoda ya zauna gindin wata tsohuwar katkat tun masu sauraronta suna raye.