Rawaya, 'Yar Dajin Bayan Garin Suleja

Duk matafiyin da ya baro gindin Dutsen Zuma da rani, ya shiga Suleja, ya ratsa unguwar Kurmin Sarki har ya kai inda gine-gine suka ƙare, yana iya yin kiciɓis da wani abin sha'awa a ƙunar daji, watau fure mai launin ƙwanduwar ƙwai, kwance bisa toka, ba ganye ba kara. Wannan ita ce rawaya, wadda Hausawa suka ari sunanta suka raɗa wa launi.

Gane ta ba wuya. Furen yana da kunnuwa biyar, da siraran zarurruka cunkushe a tsakiyarsa. Ganyenta, wanda ke fitowa da damina, a tsage yake kamar yatsun hannu. In 'ya'yanta suka bushe sukan fashe, sai ga iri lulluɓe da farin gashi kamar audugar rimi. Amma babbar shaida tana ƙarƙashin ƙasa: saiwa ce mai kauri, wadda in aka sare ta takan rine hannun mai sara.

Masana ilmin tsirrai suna kiranta Cochlospermum, kuma iri biyu ne a wannan yanki. Ta farko ita ce mai fure a ƙasa bayan gobarar daji. Ta biyu takan yi tsayi har ta kai mutum, furenta kuwa a kan rassa yake fitowa wajen ƙarshen damina.

Da saiwar ake rina zare, mata suna zuba garinta a miya, masu maganin gargajiya kuma suna jiƙa ta saboda ciwon shawara.

Abu Ja ya kafa garin nan a 1828. Tun daga 1976, da aka zaɓi maƙwabtansa don gina babban birnin tarayya, musamman bayan ƙaurar gwamnati daga Ikko a 1991, jama'a suke ta kwararowa, bulo yana cin daji. Ga kuma masu haƙa, waɗanda ke tumɓuke saiwa ɗungurungum. Dabara ita ce a yanki rabi a mayar da ƙasa, domin ta sāke tohowa. In ba haka ba, za a wayi gari yaran Kurmin Sarki sun san launin rawaya, ba su san mai sunan ba.