Uwargida, Wa Ke Koya Wa 'Yarki Rawar Makaranta?

Yau zancen masu koyar da rawa na kawo miki, na kuma san wata za ta ce ina ruwanmu da su. To, ɗan dakata ki ji. Makarantun 'ya'yanmu da yawa ba sa rufe zangon ƙarshen shekara sai an yi bikin al'adu, a yi wa 'yan mata ƙanana ado su fito rawar Fulani ko gaɗa. A bukukuwan yanzu ma ƙawayen amarya kan ɗauko mai koya musu taku kafin ranar kamu. Hukuncin rawa da iyakokinta fagen malamai ne, kuma kowane gida ya san inda ya tsaya. Tambayata ita ce, idan kin amince 'yarki ta shiga, a hannun wa kika damƙa ta?

Mu a nan mun ɗauka duk wanda ya iya rawa zai iya koyar da ita. Ƙasashen da suka mai da rawa sana'a sun daɗe da gane iyawa daban, koyarwa daban. A shekarar 1920 wasu manyan 'yan rawa su biyar suka kafa ƙungiya a birnin Landan, saboda takaicin yadda kowa ke buɗe aji yana koya wa yara yadda ya ga dama. Ita ce a yau ake kira Royal Academy of Dance, kuma ba ta yi wa malami rajista sai ya yi karatun koyarwa. A irin wannan karatu ake sanin yadda ƙashi da tsoka ke aiki, da abin da jikin yaro zai iya ɗauka a kowane mataki na girmansa, da yadda ake kauce wa rauni.

Ga misali. A rawar Turawa da ake kira bale, 'yan mata kan tsaya a kan tsinin yatsun ƙafa cikin wani takalmi na musamman. Malamar da ta yi karatu ba ta barin yarinya ta fara wannan sai ta kai wajen shekara 11 ko 12, bayan ta daɗe tana atisayen ƙarfafa sawu, domin ƙasusuwan ƙafar ƙaramar yarinya ba su gama ƙwari ba. Wadda ba ta sani ba za ta biye wa ɗokin yarinya da na uwarta, ƙafar kuma ita za ta biya bashin.

Akwai kuma dalilin da ke sa masu rawa komawa aji. Sana'a ce mai gajeren kwana, mafi yawan masu yin bale kan sauka daga dandali kafin su cika shekara 40. Wata Barashiya mai suna Agrippina Vaganova ta bar dandali a 1916, ta koma koyarwa a makarantar da ta yi karatu, ta tsara darussa daki-daki, ta kuma wallafa su a littafi a 1934. Ta rasu a 1951, a 1957 aka sa wa makarantar sunanta. Yau ba a cika tuna rawar da ta yi da ƙafarta ba, ɗalibanta da tsarinta ake tunawa.

Kada ki ce wannan harkar Turawa ce kawai. A nan Afirka ta Yamma akwai Germaine Acogny, wadda aka haifa a ƙasar Benin a 1944, ta tashi a Senegal. Ta je birnin Paris ta yi karatun motsa jiki da rawa, ta dawo ta buɗe ajinta na farko a Dakar a 1968. Daga 1977 zuwa 1982 ita ta shugabanci makarantar Mudra Afrique, daga baya ita da mijinta suka gina makarantar École des Sables, wato makarantar yashi, a wani ƙauyen masunta da ake kira Toubab Dialaw, inda ɗalibai ke zuwa daga sassan Afirka. A 2021, ta haura shekara 75, aka ba ta babbar lambar yabo ta rawa a birnin Venice na Italiya. Abin da ya burge ni game da ita shi ne, raye-rayen gargajiya na yankinmu ta ɗauka ta yi musu tsarin koyarwa, ba ta raina su ba.

To mu fa? Shekarun baya makarantar da ƙaramar 'yata take ta ɗauko wani saurayi ya shirya su rawar ƙarshen shekara, hujjarsu kawai ya iya. Da na leƙa ranar atisaye, sai na tarar da yara 'yan shekara 7 da 8 suna ta tsalle a kan siminti da tsakar rana, ba takalmi, ba ruwan sha a kusa, ba kuma malama ko ɗaya a wurin. Kafin ranar biki wata yarinya ta yi targaɗe, ta yi makonni tana ɗingishi. Saurayin ba mugu ba ne, babu dai wanda ya taɓa koya masa yadda ake riƙon yara. Mu iyaye muka haɗu muka sami shugabar makarantar, aka mai da atisayen da safe a ƙarƙashin rumfa, aka kuma sa malamar ajinsu ta riƙa zama har a tashi.

A da, rawar 'yan mata a dandali take, yayye ke koya wa ƙanne gaɗa, iyaye mata na jiyo su daga tsakar gida. Yanzu abin ya koma bayan katangar makaranta, idonmu ba ya kai wa. Saboda haka 'yar uwa, kafin ki biya kuɗin kayan rawa, ki yi tambaya. Wa zai koyar, mace ce ko namiji? A ina ta koya, ta taɓa aiki da yara? A kan wane irin ƙasa za su yi, na minti nawa? Ana fara musu da ɗan motsa jiki a hankali kafin tsalle? Wace waƙa za a sa, wane irin kaya za su saka? Akwai babbar mace da za ta zauna a wurin? Makarantar kirki ba za ta ji haushin waɗannan tambayoyi ba.

Idan kuma Allah Ya haɗa ku da mace mai natsuwa wadda ta san aikin, to a biya ta haƙƙinta cikin mutunci, kada a sallame ta da kuɗin mota da "an gode". Wadda ba a biya ba za ta daɗe a aikin ba, balle ta nemi ƙarin ilimi, daga nan sai a koma ɗauko duk wanda aka samu. Akwai sashen wasan kwaikwayo a Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya, akwai kuma 'yan matanmu da ke karanta ilimin motsa jiki a kwalejojin ilimi. Irinsu ya kamata makarantu su riƙa nema, mu kuma iyaye mu dage sai an nemo su.

Jikin 'yarki da mutuncinta amana ne a hannunki, ko da na makonni uku ne za ki ba wani aronsu. Allah Ya raya mana zuri'a, Ya ba mu ikon kula da su. Sai wata mai zuwa in Allah Ya kai mu.