Zoɓon Kaka

A ɗakin kwananmu waya ɗaya takan tara mutum biyar a kan katifa guda, kuma abin da ake yayi a zangon nan shi ne bidiyon haɗa abin sha. Wata 'yar ɗakinmu mai karanta harkar otal da girke-girke ta nuna mana wani Bature a kicin ɗinsa yana haɗa abin da ya kira abin shan kaka: ruwan tuffa, kirfa, zuma, lemun tsami, sai wata barasa mai ruwan ƙasa da ake kira Calvados. A yankin Normandi na ƙasar Faransa ake yin ta. Idan tuffa ta nuna da kaka sai su matse ta, su bar ruwan ya zama giya, su dafa shi su tara tururin, sannan su rufe a gangar katako aƙalla shekara 2. Tun 1942 dokar ƙasarsu ta kare sunan, ba kowa ke da ikon manna shi a kwalba ba.

Giya ce, ba ruwanmu da ita, ko ta fuskar addini ko ta dokar jiharmu. Amma abu guda ya tsaya mini a rai. Mutumin nan ya san cewa lokacin girbinsu yana da abin shansa, ya kuma san daga wace ƙasa 'ya'yan itacen suka fito. Da na tambayi 'yan ɗakinmu mene ne namu abin shan na kaka, sai aka yi shiru, can wata ta ce ai zoɓo ba shi da lokaci, kullum akwai shi a bakin get.

Yana da lokaci mana. Ni 'yar Barkiya ce ta ƙaramar hukumar Kurfi, kuma a wajenmu zoɓo amfanin gona ne kafin ya zama abin ƙullawa a leda. Ba a cika ba wa yakuwa gona sukutum ba, a gefe ake shuka ta, ta zama shaidar iyaka tsakanin gonar wane da ta wane. Da damina a ci ganyenta a miya da fate. Idan aka yanke gero, dawa ta fara sunkuyar da kai, iskar hunturu ta fara leƙowa wajen watan Nuwamba, sai ka ga gefen gonaki ya yi jawur. Wannan jan ba fure ba ne kamar yadda mutane ke cewa, kwanson da ke riƙe da 'ya'yan ne bayan furen ya faɗi. Mata da yara ke ɓare shi, kuma duk wadda ta yi aikin nan ta san ƙaiƙayinsa, ta san yadda yatsu ke rinewa kamar an yi lalle. A shanya kwanson a tabarma, 'ya'yan kuma, wato gurguzu, a ajiye na iri, saura a yi daddawar batso. Babu abin da ake zubarwa.

Sabon zoɓo da wanda ya shekara a buhu ba ɗaya ba ne. Sabon yana da ƙamshi, yana sakin launinsa tun ruwa bai gama zafi ba. Tsohon kuwa sai an yi ta dafuwa, shi ya sa masu sayarwa ke cika shi da kala da filebo har ka rasa me kake sha.

A gidanmu kakata ce mai haɗi, don haka in na ce zoɓon kaka, duka biyun nake nufi. Ba ta awo da cokali. Na sha zama kusa da ita da littafi ina so in rubuta, ita kuwa tana yi mini tsiya. "Kishiya, abin da za ki ba maigidan namu ma sai kin duba takarda? Kawo hannunki nan." Ga dai abin da na iya kamawa. Ga ruwa kamar lita 4, zoɓo cikin tafi biyu ne, a wanke shi da sauri cikin ruwan sanyi don yashi ya fita, kada a jiƙa shi, launin zai bi ruwan wankin. Citta busasshiya take so, ba ɗanya ba, a daka ta sama-sama. Kanumfari bai wuce guda bakwai ko takwas ba, don in ya yi yawa sai bakinka ya mutu kamar mai ciwon haƙori. Masoro kaɗan, kimba ɗaya a fasa ta. Kayan ƙamshin take fara dafawa su kaɗai, sai sun ba ruwa jiki sannan ta zuba zoɓon, ya yi tafasa ɗaya ta sauke, ta rufe tukunyar da faifai ta bar shi ya huce da kansa.

Wajen zaƙi ne muke faɗa da ita. Ni sukari nake so, ita mazarƙwaila, ko dabino da aka jiƙa aka murje. Na yarda cewa mazarƙwaila tana ba shi wani ɗanɗano mai nauyi da sukari ba ya bayarwa, amma tana dusar da launin, kuma ni ina son in ɗaga kofi in ga ja. Idan magarya ta nuna, takan jiƙa busasshiyarta daban ta tace ruwan a ciki. A ganina wannan ce tuffarmu. Tuffar da ake jerawa a tire a bakin titi yawanci daga Afirka ta Kudu take zuwa a kwali, guda ɗaya kuɗin abincin ranar ɗalibi ne. Magarya kuwa yaran unguwa ne ke kawo ta a aljihu.

Ni kimiyyar ɗakin gwaje-gwaje nake karantawa, kuma sai da na zo Poli na gane abin da kanwa ke yi. Wasu kan jefa ɗan gutsurenta don kashe tsami, nan take zoɓon ya koma baƙi-baƙi. Sinadarin da ke ba shi ja yana canza launi ne gwargwadon tsamin ruwa: a matsa lemun tsami ya ƙara haske, a sa kanwa ya yi duhu. Aikin da takardar litmos ke yi mana a aji ke nan. Da na bayyana wa tsohuwa haka a hutun da ya wuce, cewa ta yi, "To, kuɗin makarantar bai tafi a banza ba, kin gano abin da na sani tun ba a haifi ubanki ba."

Akwai dokarta guda da ba ta ɗagawa: zoɓo ba ya kwana biyu. A randa take sanyaya shi, a sha a ranar, abin da ya rage a kai maƙwabta. Dalilin a fili yake. Ruwa mai zaƙi in ya zauna cikin ɗumi, ƙwayoyin yis da ke cikin iska sukan fara cin zaƙin suna mai da shi giya, alamarsa ita ce kumfa da wani ɗan yaji a harshe. Mutanen Normandi wannan matakin suke jira, mu kuwa kafin a kai nan muke tsayawa. A Islamiyya ma an karantar da mu cewa jiƙon dabinon da ake yi wa Manzon Allah (SAW) ba ya wuce kwana uku. Masu sayen na roba a bakin get, ku riƙa lura: in kun buɗe murfi kuka ji ya yi tsit kamar lemun kwalba, ku mayar.

Duniya ta san zoɓo fiye da yadda muke zato. A Senegal bisap ne, a Masar da Sudan karkade, a Ghana sobolo. Mutanen Meziko suna shan shi da abinci kamar ruwa, kuma kaso mai yawa na wanda suke sha daga Arewacin Nijeriya yake tafiya, ta hannun dillalan kasuwanni irin su Maigatari a Jigawa. Sai dai a buhu yake fita, babu sunan gari a jikinsa, balle na matar da yatsunta suka rine.

Abin da ya fi damuna ma ba wannan ba ne. Gonarmu mai nisa, wadda yakuwarta ta fi kowace kyau, mun yi damina uku ba mu taka ta ba saboda 'yan bindiga. Wanda ya fito daga Kurfi, Safana, Batsari ko Dutsin-Ma ba sai na yi masa dogon bayani ba, mun tuna watan Satumban 2021 da aka katse layukan waya, ɗalibi ya kasa jin ko gida lafiya. Yakuwa ba hatsi ba ce, babu mai sa ransa a haɗari dominta. In an samu shiga gona a guje, gero da dawa ake kwasowa, jan gefen a bar wa awaki.

Bana a bayan gida tsohuwa ta shuka layi biyu, jikin danga, da irin da ta ɓoye a wani tsohon gwangwanin madara. Abin da aka samu bai kai tiya biyu ba. Ta raba uku: ɗaya na gida, ɗaya na azumi, ɗaya ta ƙulle a leda ta ba direban motar Katsina ya kawo mini. Ranar Asabar bayan la'asar zan dafa shi a risho a bayan ɗakinmu. Citta da kanumfari akwai, mazarƙwaila ce ban samu ba, in akwai wadda ta zo da ita daga gida ta leƙo da kofinta.