Ramar Da Muke Kwaɗo Da Ita Tana Cikin Ƙofar Mota

Jama'a, kullum ruwa ya sauka sai mu dawo kan maganar ledar fiya wata da ta toshe kwatoci. Yau ina so mu kalli abin ta wani ɓangare.

Ramar nan da muke kwaɗo da ganyenta, muke tufka igiya da ɓawonta, tun shekarar 2000 Toyota ke sa zarenta a allon cikin ƙofar mota. Ford ma ya yi haka a motarsa Escape ta 2013. Ana cakuɗa zaren da narkakkiyar roba, irin ta kujeru da bokitai, sai a samu allo mai ƙarfi kuma mara nauyi. Dabarar magina ce dai, masu kwaɓa ƙasa da ciyawa don kada katanga ta tsage.

To amma fa akwai matsala. Zaren tsiro yana shan ruwa, roba kuwa korar ruwa take yi. In ka haɗa su kai tsaye, zaman doya da manja za su yi. Da an ɗora nauyi sai zaren ya zame, da damina kuma ya sha danshi ya kumbura, allon ya tsattsage.

Maganin ba boyayye ba ne. Na farko, a jiƙa zaren a ruwan soda, irin ta masu yin sabulu, kamar kashi 5 cikin 100. Tana wanke maiƙon da ke jikinsa, ta bar shi da kaushi yadda roba za ta samu wurin kamawa. In ta yi yawa kuma ta cinye ƙarfin zaren. Na biyu, a ɗauraye a busar da shi ƙayau. Na uku, a zuba ɗan sinadarin da ake kira MAPP, wanda aikinsa tamkar na dillali ne: hannu ɗaya riƙe da zare, ɗaya riƙe da roba. Sannan kada zafi ya wuce wajen digiri 200, in ba haka ba zaren ya ƙone.

Abin da ke ci mini tuwo a ƙwarya shi ne, duk kayan muna da su. Ga rama a gona, ga buntun shinkafa tuli a bayan injinan casa, ga leda har ta yi mana yawa. Cibiyar IAR&T da ke Ibadan ta daɗe tana bincike kan rama. Amma ni ina ganin kuɗin yana wajen wanda ya iya haɗin, manomi kuwa ɗan abin da ya samu a ɗanyen kaya ne kawai.

Matasanmu masu narka roba, Allah Ya yi muku albarka. In za ku sa zare ko buntu, don Allah kada ku tsallake wannan mataki. Kaya ɗaya ya fashe a hannun mai saye, kasuwar kowa ce ta ɓaci. Malaman kimiyyar haɗa sinadarai na jami'o'inmu kuma, ku leƙo wajen yaran nan mana.

Akwai wanda ya taɓa gwadawa a cikinku? Yaya kayan suka yi bayan damina?