Yashe kwata daban, tsara unguwa daban

Da zarar hadari ya fara haɗowa a gabas, sai Facebook ya cika da hotunan samari sanye da takalman roba, da shebur da manjagara da baro, ana aikin gayya. Allah Ya saka musu da alheri, don aiki ne da mai ƙyama ba ya iyawa. Amma jama'a, mu faɗa wa kanmu gaskiya: kwatar da aka yashe bara ita ake yashewa bana, kuma ita za a yashe baɗi. Sharar da aka kwaso a tara ta a bakin kwata, ruwan farko ya mayar da ita ciki. Ba za mu fita daga wannan zagaye ba sai mun zauna mun yi maganar da ta fi yasa wuya, wato ina ruwan ya kamata ya bi, wa ya tare masa hanya, kuma wa zai matsa.

Mutanen Kano ba su manta da watan Agustan 2022 ba, lokacin da ruwa ya shiga Kantin Kwari ya jiƙa atamfa da shadda da yadi na maƙudan kuɗi. Abin da 'yan kasuwar suka dinga nunawa shi ne gine-ginen da aka ɗora a kan magudanai da hanyoyi. Sai kuma watan Yunin 2023, sabuwar gwamnati ta fito da katafila, aka rushe shagunan filin Idi da gine-ginen tsohon otal ɗin Daula. Ni ba siyasar abin nake magana ba, kowa ya riƙe jam'iyyarsa. Abin da nake kallo shi ne wata gwamnati ta yanka ta ba da, wata ta zo ta rushe, su kuma waɗanda ke kwana suna tashi a gefen wurin sai dai su ji a rediyo. Dokar mallakar ƙasa ta 1978 ta danƙa filayen birni a hannun gwamna, kuma akwai KNUPDA da aka ɗora wa alhakin tsara gari da ba da izinin gini. A takarda ke nan. A ƙasa kuwa, yawancin unguwanninmu na bayan gari awon igiya ne. Mai gona ya kira dillali, aka ja igiya, aka yanka fuloti-fuloti. Ba wanda ya ware filin makaranta, ko na asibiti, ko hanyar ruwa, don duk taku ɗaya kuɗi ne. Kududdufan da kakanninmu suka haƙa suna ɗibar ƙasar gini, waɗanda suke shanye ruwan sama, su ma an cike su da bola an sayar. To ruwa ai ba ya karanta takardar sayen fili. Inda ya saba zuwa nan zai je, ko da ɗakin amarya aka gina a wurin.

Unguwarmu irin wannan ce. Shekara biyu ke nan muka fara wani zama, da sanin mai unguwa, kuma abu ɗaya da muka yi daban shi ne mun ƙi yarda ya zama taron magidanta kawai. Mun gayyaci masu shaguna na bakin titi: mai walda, mai kemis, mai injin niƙa, masu wankin mota, yaron POS, mai shayi, da shugaban masu Adaidaita da ke lodi a bakin layi. Da farko wasu dattawa sun ƙi. Wani ya ce, "Su wa? 'Yan haya ne fa, da magariba kowa ya kulle ya tafi gidansa." Amsar da mai walda ya bayar ta zauna min a rai. Ya ce, "Alhaji, kai da safe kake fita sai dare. Ni nake yini a layin nan. Wanda yake zuba shara a kwata, ni na san shi, kai ba ka san shi ba." Aka yi dariya, amma daga nan ba wanda ya sake tayar da maganar.

Abin da ya fi komai amfani shi ne taswira. Wani ɗalibi ya buga mana hoton unguwar daga Google Maps a babbar takarda, muka manna a kwali. Kowa ya zo ya sa alama a inda ruwa yake kwanciya. Sannan wani tsohon magini ya ɗauko siririn tiyo ɗin nan da ake cika wa ruwa a auna daidaiton gini, ya bi layi gida-gida da yara biyu suna riƙe masa. Abin da ya fito ya ba kowa kunya. Kusan kowane gida ya yi ciko a ƙofarsa, ya ɗaga dakali, ya tura ruwan ga maƙwabci. Na gaba shi ma ya ƙara nasa cikon. A haka layin ya zama kamar matattakala, ruwan duka ya tare a gidaje uku na ƙarshe, kuma ba sai na faɗa muku ba, su ne gidajen da ba su da kuɗin tifar ƙasa. A bakin titi kuma shaguna sun zuba siminti sun rufe kwata ruf, sun fito da rumfa a kai, ba ko ƙofar da za a zura shebur. Shekara da shekaru ana zagin gwamnati, alhali rabin matsalar da hannunmu muka gina ta.

Na ce rabi, don ɗaya rabin ya fi ƙarfinmu. A nan ne labarin Orangi ya yi mana amfani. Orangi wata makekiyar unguwar talakawa ce a gefen birnin Karachi na Pakistan, ita ma ba da tsarin hukuma aka kafa ta ba. A 1980 wani masani, Akhtar Hameed Khan, ya fara wani shiri a can. Bai raba wa kowa kuɗi ba. Ya ɗauki layi ɗaya a matsayin ƙungiya ɗaya, mutanen layin su zaɓi wakilinsu, su tara kuɗinsu, su haƙa su binne bututun ƙazanta da kansu, shi da mutanensa kuma su ba da awo da zane da aron kayan aiki. Suka raba aikin gida biyu: na ciki, wato banɗakin gida da bututun layi da wanda ke tattara layuka, wannan na jama'a ne, na waje, wato babban magudani da wurin tace ƙazanta, wannan na gwamnati ne. Dubban layuka aka yi a haka, a kan kuɗin da bai kama ƙafar na ɗan kwangila ba. Kuma kada a ɗauka wasa ne. Perween Rahman, matar da ta jagoranci shirin daga baya, wadda ta shahara da zana taswirar filaye da magudanai da bankaɗo masu satar ruwa, harbe ta aka yi a watan Maris na 2013. Duk inda ake maganar fili, akwai wanda taswira ba ta yi wa daɗi.

Mu dai rabon aikin muka ara. Na ciki muka ce namu ne: kowa ya sassabe cikonsa zuwa layin da magini ya ja, masu shaguna su fasa simintin su sa murfin da ake ɗagawa. Mai walda ya ɗauki nauyin haɗa murafun a kan kuɗin ƙarfe kawai. Masu wankin mota aka ce su haƙa rami su daina sako ruwa kan hanya. Babbar kwalbatin da za ta tsallaka titi kuwa, muka rubuta takarda, muka haɗa da taswirar da sa hannun mutane, muka kai inda ya kamata. Sau huɗu muna zuwa. Har yau ba a yi ba. Amma na lura da bambanci: in ka je hannu rabbana kana cewa a taimaka mana, a tsaye ake sallamarka, in ka shimfiɗa taswira ka ce ga inda muka gama, ga inda ya rage naku, sai a jawo maka kujera.

Akwai abu biyu da nake so duk mai shirin yin irin wannan ya kiyaye.

Na farko mata. In aka sa taro a ƙofar masallaci bayan la'asar, an cire su ke nan ba tare da an ce an cire su ba. Alhali su ne suke kwalfe ruwa da tsakar dare, kuma rabin sana'ar unguwa a cikin gida take: ƙosai, awara, ɗinki, markaɗe, kitso. Mu sai da muka aika taswirar Islamiyyar matan aure. Su suka nuna mana wani lungu da 'yan mata ba sa bi bayan magariba saboda duhu da zaman majalisar wasu samari. Ba namijin da ya taɓa kawo wannan a taro. Fitila ɗaya mai amfani da hasken rana, wadda mai kemis ya saya, ta sauya lungun.

Na biyu kuma shi ya fi damuna. Kwamitin unguwa yana iya zama ƙaramar hukumar zalunci cikin sauƙi. Da aka ga abu ya fara kyau, sai wasu suka kawo shawarar a tashi mai shayi da mai suyar awara da masu lodi, wai suna ɓata tsari, a kuma sa get a bakin layi. Ka duba da kyau, duk wanda ake son tasa shi ne mara ƙarfi. Wanda katangarsa ta ci taku uku na hanya ba wanda ya ambaci sunansa. Na tsaya a kan cewa in dai rusau muke kuka da shi idan ya zo daga sama, bai kamata mu yi wa junanmu ƙaramin rusau ba. Aka yi ta ja har aka daidaita: mai shayi ya matsa daga kan kwana, masu Adaidaita su tsaya uku-uku maimakon su cika baki, get kuma aka jingine maganarsa, don ba wanda ya iya faɗin wa zai buɗe idan naƙuda ta tashi ƙarfe biyun dare.

Maganar katangar nan ita ce ba mu warware ba. Mai ita ba ya zuwa taro, gudummawarsa kuwa ta fi ta kowa, wannan ya sa baki ya yi nauyi. Ta gefenta ruwan ya kamata ya fita ya haɗu da babbar kwata. Ranar Asabar mai zuwa mai unguwa da liman da magini za su same shi a gida da taswirar, mun kuma yarda mai walda ya bi su, don shagonsa ne ruwan yake fara shiga.