Shayin la'asar a Landan da ɗiyar da ba ta cin gujiya

Alhaji mutumin Maraɗi ne, kuma arzikin gidansu daga gujiya ya fito. Mahaifinsa ya yi awonta tun zamanin Nasara har farin 1973 da 1974 ya karya kasuwar. Saboda haka ranar da ɗiyarsa mai aure a Landan ta gaya masa ta waya cewa likitoci sun hana jikanyarsa gujiya, dariya ya yi. Da ya tashi kai masu ziyara, har da ƙullin ƙuli-ƙuli cikin tsarabarsa.

Kwana uku da saukarsa, ɗiyar ta kama masu tebur a wani babban otel don shayin la'asar. Wannan al'ada ta Ingila ana danganta ta da Anna, matar sarkin Bedford, wadda wajen 1840 ta fara sa a kawo mata shayi da ɗan abin taɓawa tsakanin abincin rana da na dare. Yau ta zama sana'a: a manyan otel mutum guda kan biya fam 70 ko fiye, wato sama da jika 50 na sefa. Alhaji ya yi lissafin buhunan hatsi nawa ke nan, ya yi shiru.

Abin da ake kawowa faranti ne mai hawa uku. A ƙasa ƙananan yankan burodi da kifi ko ƙwai ko kokwamba, a tsakiya wani burodi mai ɗumi da ake shafa wa kirim da jam, a sama gato iri-iri, kowane kamar a ajiye shi don kallo. To, a hawan saman nan haɗarin yake, domin masu gato suna aiki da garin ƴaƴan itace, da man gujiya, da riɗi, sau da yawa kan tebur guda da wuƙa guda.

Uwar ta rubuta wa otel ɗin tun mako biyu kafin ranar, ta sake kira da safe. Duk da haka, da suka zauna ta maimaita wa ma'aikacin, ya ɗauko takarda ya bi jerin da ita. Tun 2014 doka ta tilasta wa masu sayar da abinci a Ingila su faɗi ko abincinsu na ɗauke da ɗaya daga abubuwa 14, ciki har da gujiya, riɗi, madara, ƙwai, kifi da alkama. An ƙara tsananta ta a 2021, bayan mutuwar Natasha Ednan-Laperouse, yarinya mai shekara 15 da ta ci burodi mai riɗi a 2016, ta rasu bayan ciwon ya kama ta cikin jirgi zuwa Nice. Amma doka tana tilasta faɗin abin da aka sa ne. Ba ta iya wanke wuƙa.

Aka kawo wa yarinyar farantinta dabam. Hawa ukun suna nan, sai dai na sama ya rame: ƴaƴan itace yankakku da gato guda biyu marasa ado. Ta dubi nata, ta dubi na kakanta, ba ta ce komai ba. Shekararta tara, ta saba. Alhaji ne bai saba ba. A wurinsa wannan borin jini ne, ƙaiƙayi na yini guda. Ya ɗauki mafi kyawun gatonsa ya miƙa: «Amaryata, karɓi, kada su cuce ki.»

Uwar ta riƙe masa hannu a iska. Duk wanda ya tashi a gidan Hausa ya san nauyin wannan: ɗiya ta kama hannun mahaifinta gaban jama'a. Ta sake shi nan take, ta buɗe jakarta, ta aje allurai biyu kusa da butar shayi. «Baba, ka gafarce ni. In ta ci, maƙogwaronta ke kumbura, numfashi ya tsaya. Wannan nake caka mata a cinya, sannan in kira 999. Sau ɗaya na yi, tana da shekara huɗu.» Wannan labari ba ta taɓa kai shi Maraɗi ba.

A gaskiya mamakin Alhaji yana da tushe. Wani bincike da aka yi a Landan ɗin nan, aka buga a 2015, ya nuna jariran da aka fara ba gujiya da wuri sun fi kuɓuta daga ciwon da kusan kashi 80 cikin 100. Kunun gujiyar da ake ɗura wa yara a gida ba wauta ba ne. Sai dai wanda ciwon ya riga ya kama, gwaji a tebur ba magani ba ne.

Ya maida gaton farantinsa, bai ci ba. Ya tashi ya wanke hannu da sabulu, ya dawo ya roƙi ma'aikacin, ta bakin ɗiyarsa, a kawo masa irin farantin yarinyar. Suka raba gato huɗu marasa ado tsakaninsu, yana kushe shayin da cewa ruwan zafi ne kawai, ko kumfa babu. Da dare ɗiyar ta tarar da ƙullin ƙuli-ƙulin a bakin ƙofa daga waje, cikin leda biyu.